Na Gasa Sushi Na Cinye Ni Kaɗai, Kakata Ta Daina Kula Ni

Zuwa ga Tita Luningning,

Don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan kai wa kuka a gidanmu, domin duk bakinsu ɗaya. Shekarata goma sha shida, ina sakandare, kuma ko a aji ba na ɗaga hannu, balle in rubuta wa jarida. Amma an ce in ba da haƙuri, na ce ba zan bayar ba, kuma har yau ban bayar ba.

Yayata Ate Cherilyn tana gasa sushi, wato shinkafa da naman kaguwa da cuku, a manyan farantai tana sayarwa tun zamanin kullen annoba. Ni ce mai wanke shinkafa, ni ce mai yayyaga naman kaguwa siri-siri har yatsuna su yi tsami, ni ce mai yanka mangwaro. Ran Lahadi in an dawo daga coci takan gasa faranti guda na gida, a ajiye tsakiyar tebur, kowa da busasshen ganyen tekunsa na naɗe loma a hannu. Daidai lokacin ne Nanay, mahaifiyata, za ta ce in ɗauko ruwan sanyi. In kawo, a ce babu kofuna. Kafin in zauna saura lomar ƙarshe a kusurwar faranti, wadda kin san mai kunya ba ya taɓawa. Kowa ya kawar da kai kamar bai gan ta ba. Sai yayana Kuya Renz ya miƙa hannu yana cewa, "Tunda kunya za ta kashe ku, ni da aka haifa babu ita bari in rufa muku asiri." A yi dariya, ni ma in yi, sannan in ci shinkafa da miyar jiya. Tita, iyakar sanina da wannan abinci shi ne abin da ya maƙale a cokali lokacin wanke-wanke.

Kakata Lola Iding ba ta cikin masu wawason. Ita a kicin take zama da ƙanzon tukunya da kan kifi, ta ce su ta fi so. Ni ce 'yar gaban goshinta. Ni nake cire mata furfura da yamma, kanta a cinyata, tana ba ni labarin mutanen unguwa da suka mutu.

To sai na ƙudura zan ci nawa. Na daina shiga jifni, motar hayar garinmu, na riƙa zuwa makaranta da ƙafa ina tara kuɗin, har na sayi kaguwata da cukuna da ɗan fakitin ganyen teku. Ban taɓa ko tsinken Ate ba, ina so ki riƙe wannan. Ranar Asabar da rana gida ya yi shiru, na ɗauka Lola tana barci. Na rasa ƙaramin kwanon da zai shiga 'yar tandarmu ta gasa burodi, sai na buɗe kabad ɗinta na ɗauko liyanera guda, cikin kwanonin da take dafa zaƙin ƙwai da madara na ranar bikin unguwa a ciki. Na san ba a taɓa su. Na taɓa.

Na cakuɗa shinkafa mai ɗumi da ruwan khal da ɗan sukari da gishiri, na danne ta a kwanon da bayan cokali. Na barbaɗa riɗi da dakakken ganyen teku, na shimfiɗa kaguwar da na haɗa da mayonis da cuku, na jera mangwaro yadda nake so, ba yadda Ate take cewa ba. Na tsaya gaban gilashin tandar ina kallo har saman ya fara tafasa ya yi ja. Da na fito da shi, na ɗiba a ganye na kai baki da zafinsa. Kusurwoyin nan da suke ƙonewa kaɗan, waɗanda Kuya yake kwashewa kullum, duk nawa ne. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Ina ɗaga kai sai ga Lola tsaye a bakin ƙofa, idonta a kan kwanon. Tita, ko baƙo ne ya wuce kana cin abinci sai ka ce masa zo mu ci, na sani, tun ban iya ɗaura takalmi ba aka koya mini. Amma bakina ya ƙi buɗewa. Abin da ya fi muni, hannuna ya jawo kwanon kusa da ni. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "A ci lafiya, 'yar nan," ta juya. Ni kuma na cinye, har na kankare gindin.

Tun ranar ba ta kula ni. In na kama hannunta zan kai goshina don gaisuwa, takan ba ni, amma fuskarta na kallon bango. Furfurar ma ta ce a bar mata kayarta. Nanay ta ce na zubar mata da mutunci, wai a gidan wa na koyi rowa. Kuya ya sa mini suna Madam Kwano Ɗaya, in na shigo ya ce, "Ku ɓoye cokulanku, ga mai gidan abincin da ba ya karɓar baƙi." Ate ta ce da na yi magana ai da ta ɗebar mini. Shekara nawa ina yayyaga mata kaguwa, sai na yi magana?

Kwanon ma Lola ta ƙi bari in wanke. Da kanta ta wanke, kuma ba ta mayar kabad ba. Ta ajiye shi kusa da tandar, washegari ta fito da wani irinsa ta kife a gefensa. Suna nan har yau, babu mai taɓawa. Na san don ta kunyata ni ne, in riƙa ganin wanda na ɓata da ƙarnin kaguwa kusa da mai tsabta.

Nanay ta ce in durƙusa in ce na yi kuskure. Ni kuwa ban yi sata ba, ban hana kowa rabonsa ba. Sau ɗaya a rayuwata na ci abu tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma ba zan ce na yi nadama ba, domin ƙarya ce, ya yi daɗi. Zan ma sake. Sai dai yamma tana yi mini tsawo, cinyata babu kan Lola. Yaya zan yi ta dawo mini ba tare da na yi ƙarya ba?

Madam Kwano Ɗaya, daga Marikina

*

'Yata,

Share hawayenki. Ba za ki ji daga bakina cewa ki tuba don kin ji yunwa ba. Yarinyar da ta yi tafiyar ƙafa ta sayi kayanta, ta dafa da hannunta, tana da ikon cin abinta har ta kankare kwano. Mutanen gidanku ma suna da nasu laifin. Sun saba da shirunki har sun ɗauka ƙoshi ne, kuma barkwancin yayanki ya daɗe da wuce inda yake ba da dariya.

Amma mahaifiyarki ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Kin buɗe kabad ɗin tsohuwa ba izini, wannan kam a ba da haƙuri a kansa, kuma babu ƙarya a ciki. Sannan cewa zo mu ci gaisuwa ce, kin sani. Da kin furta, da ta ce ta ƙoshi, yadda ta saba. Ba shinkafa kika hana ta ba, kin hana ta jin cewa an tuna da ita.

Yanzu ki koma kan wasiƙarki, domin kin rubuta abin da ba ki lura da shi ba. Kin ce ba ki taɓa cin sushin Lahadi ba. Wa kuma bai taɓa ci ba? Wace ce take zaune a kicin da ƙanzo da kan kifi tana cewa su ta fi so? Na girma da kaka irin wannan, sai bayan ta rasu muka gane babu mai son kan kifi haka. Irinku ɗaya ke da Lola Iding, ita dai ta riga ki farawa. Ban san zuciyarta ba, zan iya yin kuskure. Amma matar da take so ta kunyata jikarta ɓoye kwanoninta take yi ta kulle kabad. Taki ta wanke guda, ta fito da na biyu, ta ajiye su a bakin tanda. Mai fushi irin namu ba ya roƙo, sai dai ya ajiye alama ya jira a lallashe shi.

Ranar Asabar da rana ki shimfiɗa ganyen ayaba a kwanonin biyu don kada su riƙe ƙarni. Nata ki sa shinkafar ta yi laushi, ki yanka mata ganyen tekun ƙanana. Kada ki tambaye ta ko za ta ci, za ta ce a'a. Ki ajiye a gabanta da zafinsa, ki ce, "Lola, ki yafe mini buɗe kabad. Wannan naki ne ke kaɗai, har kusurwoyin." Sannan ki zauna ki ci naki a gefenta. In Kuya ya leƙo, ki ce masa zo mu ci, kuma ki nuna masa inda tukunyar shinkafa take.

Ran Lahadi kuwa ki gaya wa mahaifiyarki tun da safe, cikin ladabi, cewa yau wani ne zai ɗauko ruwa. Ki jawo wa Lola kujera kusa da taki. In aka zo kan lomar ƙarshe kowa ya kawar da kai, ki riga yayanki, ki raba ta biyu.

Allah ya ƙara miki ƙarfin hali, ya ja kwanan Lola. Ki ajiye abin cire furfura a kusa, ina jin ta taru da yawa.

Taki,
Tita Luningning