Muryar Nasiba

Litinin, 6 ga Oktoba 2025
Wani saurayi daga Konni, Fa'izu, ya tare ni a ƙofar lakwal, makarantar da nake koyarwa. Wai shi da abokansa na WhatsApp sun taso da kallon fim ɗin zanen da Yaya Labo ya fara, na yarinya Nasiba da jar akuyarta da ta ɓata, wanda bai gama ba Allah ya karɓi abinsa. Sun wanke hotunan, sun zana abin da ya rage, saura murya. Ni ce muryar Nasiba, lokacin ina 'yar budurwa. Na ce sai na yi tunani. Ya tafi yana ta "Na gode, Tanti." Wai Tanti!

Alhamis, 9 ga Oktoba
Na kalla a wayar salula. Sararin sama har yanzu ruwan ƙasa ne, domin a bayan takardar buhun siminti Yaya yake zane idan ya taso daga izini, masana'antar siminti ta Malbaza. Yaran ba su canza launin ba, na ji daɗin wannan. Ɓangaren da Yaya ya yi yana yankewa a bakin rijiyar Bazaga, Nasiba ta buɗe baki za ta kira akuya. Na tuna ranar da muka zo ɗaukar muryar wurin. Dariya ta hana ni, ya mintsine ni, ya ce mu bari sai wani sati.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Mun gwada ɗaukar muryar. Alli da ihu a kan 'yan aji sun cinye min murya. Fa'izu yaro ne mai kunya, kai kawai yake gyaɗawa yana kallon ƙasa. Maigidana Dauda kuwa da ya ji, sai cewa ya yi, "Wagga ai kakar Nasiba ta." Ya yi dariya har da tari. Tuwonsa ya ci da sanyi.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Sun sa na'ura ta sirantar da muryata, ta fito kamar sauro. Sai wasu a ƙungiyar suka kawo shawarar wata ɗiya a Konni mai irin tsohuwar muryata. Na ce ko ni, ko a bar Nasiba a bakin rijiya har tashin duniya. Na san na yi zafi. Amma nan ne kaɗai wurin da ya rage muna tare da Yaya, hannunsa da bakina. Ba na son baƙuwa a ciki, kishi nake yi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Talata, 21 ga Oktoba
Ban kira Fa'izu ba. Shi ma bai kira ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba
Malbaza, wajen Inna. Na same ta tana ɓarar wake, na zauna na taya ta, na ba ta labari ina jiran ta goya min baya. Ba ta ko ɗago kai ba. "Ke ɗai anka yi ma mutuwa? Ni na haihe shi, kuma ban taɓa ganin ko an samu akuyar ga ba. Ba ƙarama nika komawa ba, Zahara'u." A mota na yi ta kallon kamiyon, manyan motocin siminti, har muka iso Illela.

Alhamis, 13 ga Nuwamba
Fa'izu ya zo da ordinatarsa, wato kwamfuta. Sun sake zanen ƙarshen gaba ɗaya. Nasiba ta bi sawun akuya ta daɗe, ta dawo rijiyar tana babbar mace, da garken jajayen awaki a bayanta. "Tanti, tunda murya ta girma, sai munka girmar da mai ita." Na ce Yaya Labo bai zana haka ba. Ya ce gaskiya ne, bai yi gardama ba. Ya tura min hoton ya tafi.
Ban ce e ba.

Lahadi, 30 ga Nuwamba
An ɗauki muryar jiya, a ɗakin Inna, tana zaune tana gyara min yadda ake kiran akuya. Don ita na yi, ba don komai ba. Muryar ta zauna daidai, ko Dauda bai samu abin cewa ba.
Yaran nan ba su da kirki, har layin goshina suka sa wa Nasiba. Ɗazu ina wanke-wanke na tsaya ina kallon hoton, sai ya faɗo min cewa Yaya bai kai shekarun matar nan ba. Ashe ni ma na girme shi, tuni, ban lura ba. Na ɗan zauna a kan turmi kafin na ƙarasa kwanonin.
Yaya dai zan ci gaba da ce masa.