Takardar Khalil da Sifilin Kaka

Germantown, Amurka, Talata

Gwaggo Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ya aikin asibiti? Rubutowa na yi saboda bangon gidan Yaya Auwalu ba ya riƙe magana.

Jiya da safe Khalil, ɗan Yaya, ya ciji hannunsa har jini, don an canja masa kofin shayi. Surukar Yaya ce ta ɗaure masa. Ita ke kula da shi in yana gida, kuma ba ta jin Turanci, shi ya sa likitar da ke duba lalurarsa ta otizim ta ba ta takardar tambayoyi da yarensu na Koriya: sau nawa yake cizo, sau nawa yake buga kai. Kowace tambaya, daga sifili zuwa huɗu. Ban iya karatunsu ba, amma na san sifili. Shi ta zagaye daga sama har ƙasa.

Juma'a za a mayar da takardar. Anti Abby, matar Yaya, ta ce in aka ga yaron lafiya lau, makaranta za ta janye Malama Tracy mai zama kusa da shi a aji. Ita da Yaya sammako suke, ba su gani ba. Ni kuma a gidansu nake ci. Ya zan yi?

Ɗanki, Fahad

Silver Spring, Laraba

Fahad,

Ina amsawa. Ba ƙarya tsohuwar nan take ba, rufin asirin jika take. Kakarka ma da haka za ta yi. Kada ka kai ƙararta wurin ’yarta, kada ka gaya wa yayanka, ka san bakinsa. Amma in aka janye Tracy, ranar da ya buga kai a aji ’yan sanda za a kira. Kai ka gani, kai za ka san dabara. Kuma ka rage wannan shiru naka, ba ado ba ne.

Allah ya yi albarka.
Gwaggonka

Germantown, Alhamis

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Bayan motar makaranta ta tafi, na sami tsohuwar a kicin tana yanka kabeji. Na russuna, na ajiye takardar, na naɗe hannun rigata na nuna mata shatin haƙoran Khalil guda uku. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ajiye wuƙa ta naɗe nata. Gwaggo, nata ya fi bakwai, wani har ya yi baƙi.

Ta ce, “Good boy.” Na ce mata e, good boy ne.

Ta ɗauko biro. Wani wurin uku ta sa, wani huɗu, guda biyu ta bar su a sifili, kuma gaskiyarta, ba ya jifa, ba ya tofa yawu. Ba ta ci abincin rana ba.

Ashe Anti Abby ta dawo ɗaukar makullin ofis. Tana tsaye bakin ƙofa, ta ga hannun uwarta.

Na bar ki lafiya.
Fahad