Fasinja a Kan Gadona

Inna,

Gaisuwa daga Alƙahira. Ya ƙafar taki? Ya su Nana Khadija?

Albishirinki! Tsohuwar bas ɗin hayar da na saya ta fara zama ɗaki. Na cire kujerun, na haɗa gado da hannuna, saura wurin girki. Jiya a danja wata tsohuwa ta shigo, ta zaci haya nake. Ta hau gadon ta zauna, ta daddanna katifar, ta jijjiga katakon, ta ce, "Tamam! Kafintan nan gwani ne."

In abokina Abdurrahim ya ce miki a ciki nake kwana, gwaji ne kawai, kuma sanyin da sauƙi.

Ki sa mini albarka. Ki kuma gaya wa Baba, ɗan da ya hana taɓa guduma shi ne kafintan.

Ɗanki,
Nata'ala