Tsinken Gwajin Da Bai Ga Zazzaɓin Yayata Ba

Zuwa ga Farfesan da ke jagorantar masu ƙera sabuwar na'urar gwajin jini, wanda na ji hirarsa a rediyo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka, ina roƙon afuwa idan ban iya tsara magana ba. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba. Ni ɗalibar sakandare ce a Farin Dutse, ƙaramar hukumar Gwaram, kuma ko a gida ba a cika jin muryata ba. Abin da na fi iyawa shi ne in sami lungu in buɗe littafin soyayya. Sunanka ma ban riƙe ba, ina wanke-wanke aka faɗe shi. Shi ya sa na ba malamarmu ta Kimiyya wannan takarda ta sa ta inda za ka gani.

Na farko, abin da na fahimta daga bakinka. Ka ce kuna ƙera wata 'yar waya irin ta lantarki da ido ba ya iya gani, gashin kai ma gungume ne a kusa da ita. Idan ɓurɓushin abin da ƙwayar cuta ke zubarwa a jini ya taɓa ta, wutar da ke bi ta cikinta sai ta sauya, na'urar ta sanar. Ka ce abin da ya rage shi ne gishiri da tarkacen da ke cikin jini suna toshe mata ji, kuma kuna kan gyara. Da mai hirar ya tambaye ka yaushe za ta iso ƙauye, sai ka yi 'yar dariya ka ce ba a yi wa bincike gaggawa. Wallahi ban ji haushinka ba. Gajiya ce kawai ta sauko min, na zauna a bakin rijiya hannuna duk kumfa.

Na biyu, dalilina. Yayata Hauwa tana aure a Basirka. Bara da damina, cikinta na fari yana wata bakwai, aka kawo ta gida goyon ciki. A gidanmu mace ba ta maganar cikin fari, sai ta zumbula hijabi ta yi kamar babu shi. Ga shi Yaya ita ce 'yar farin Innarmu, don haka Inna ba ta kiran sunanta, ba ta kallonta ido cikin ido, balle ta tambaye ta jiki. Duk abin da ɗaya ke son faɗa wa ɗaya, ta bakina yake bi.

Sau ɗaya tak Yaya ta ce min kanta na sarawa, jikinta ba ƙarfi. Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Baba, ya bar noma ya ɗauke mu a mashin zuwa ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta soki yatsarta, ta ɗiga jinin a farin tsinken gwajin maleriya, muka jira. Layi ɗaya ya fito. Ta ce babu maleriya, nauyin ciki ne, ta ba da maganin ciwon kai. A hanyar dawowa Yaya ba ta ɗaga kai ba. A ganinta ta ta da mahaifinta daga gona a kan zancen cikinta, kuma aka ce ba komai. Daga ranar ba ta sake yin zancen ciwon ba.

Na ga tafin hannunta yana yin fari. Na ga tana neman rana ta zauna alhali kowa na fifita. Idan na tambaye ta sai ta ce ai an gwada. Ni kuma na yarda, na koma kan littafina. A littattafan da nake karantawa likita kallo ɗaya yake yi ya gane ciwo, mara lafiya kuma ba ta wuce shafi uku ba ta warke ba. Haka na ɗauki duniya.

Ciki na wata takwas naƙuda ta taso, aka garzaya da ita asibiti a Birnin Kudu, sai da aka ƙara mata jini. Yaron da ta haifa ɗan mitsitsi ne, kwana huɗu ya yi a duniya. Ragon sunansa yana ɗaure a gida aka kai yaron makwancinsa.

Na uku, abin da likitan can ya bayyana wa Baba ina tsaye a bayansa. Ya ce a jikin mai ciki ƙwayar maleriya takan ɓuya a mabiyiya, ta tare abincin yaro, abin da ke yawo har ya iso yatsa kaɗan ne. Tsinken kuma sai abin ya yi yawa yake gani. Ban ɗora laifi a kan ma'aikaciyar ba, abin da ta gani ta faɗa. Mu ma da namu laifin, kunya ta sa Yaya ta fara awo a makare. Na san rai na Allah ne. Amma mutanenmu sun ɗauki gwaji kamar hukuncin alƙali, idan ya ce babu, to mai kunya ta rufe baki ke nan.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Yaya tana da wani cikin, wata biyar. Tana zuwa awo, tana shan maganin da ake ba su, tana kwana cikin gidan sauro. Makon jiya na je Basirka, na riƙe hannunta na ji ɗumi. Na matsa mata har muka je gwaji. Layi ɗaya. Ta kalle ni ta yi murmushi ta ce to hankalina ya kwanta? Bai kwanta ba, ranka ya daɗe.

Ga roƙona. Idan kun tashi gwada na'urarku, kada ku tsaya a kan jinin wanda ciwo ya riga ya kayar, ku nemi irin na Yaya, mai ɗan kaɗan a ciki. Ku kawo ta nan inda ake zafi kuma babu wuta, ku ga ko za ta yi. Kafin ku ƙarasa na'urar, don Allah ka koma rediyon nan ka faɗa da Hausa cewa layi ɗaya ga mai ciki ba shi ne ƙarshen magana ba, idan jiki bai daina ba a koma asibiti. Inna ba za ta ji daga bakina ba, amma za ta ji daga naka, kuma Yaya ba za ta ji kunyar rediyo ba. Wata huɗu ya rage mata.

Allah ya ƙara maka basira da lafiya, ya buɗa muku abin da ya shige muku duhu a aikin nan, ya sa kada kowa a gidanka ya tsaya kallon tsinke yana rasa abin da zai gaskata.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Rabi'atu, Farin Dutse.