An Kai Hutun Ɗana Ɗa'ifa

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Sa'adu, wanda Larabawa ke kira Shaikh Sa'ad, Shugaban Majalisar Makarantar Yara Maza ta unguwarmu, Nuzla, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka da sauran dattawan majalisa, ni ne Isiyaku mai tsire, uban Tijjani na aji shida. Na faɗi sunana ne saboda jama'ar da za su ji wannan takarda a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Kai kam ba sai an gaya maka ba, tunda jirgin ruwa ɗaya ya ɗebo mu daga Sawakin muna samari, a tabarma ɗaya muka kwanta muna amai har muka hango Jidda. Da gangan na rubuta da Hausa. In da Larabci ne za ka fi ni baki, amma da Hausa ka riƙa kiran sunan mahaifiyarka a cikin jirgin nan, don haka na san ba ka manta ta ba.

Na san abin da za a ce da zarar an gama karantawa: Isiyaku ƙyashi ne ke cin sa. Bari in hutar da masu faɗa. Ina jin ƙyashinka, Alhaji, kuma ba yau na fara ba. Na ji shi ranar da ka sami tabi'iyya ka zama ɗan ƙasa, ni kuwa har gobe ina bin kafilina, mutumin da ya tsaya mini a wurin hukuma, a baya kamar raƙumi da akala don ya sabunta mini iƙama, takardar izinin zama. Na ji shi da ka buɗe kantin yadi a cikin gari, na ji shi da ka hau bene ka bar ni a ɗakin kwano, na ji shi ranar da motarka ta fara shigowa layinmu yara na bin ta da gudu, har da nawa. Ban taɓa roƙon Allah Ya karɓe maka ko tsinke ba, na kuma san hassada ga mai rabo taki ce. Duk waɗannan na haɗiye su da ruwa, ina gaishe ka ina dariya. Wanda ya ƙi haɗiyuwa shi ne na makaranta, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, maganar doka.

Lokacin da muka zo garin nan, Hajji a tsakiyar zafi yake faɗawa. Makaranta a rufe take don hutun bazara, alhazai kuma na sauka, saboda haka yaran Nuzla suna taya iyayensu aikin mausim, wato kakar alhazai, ba tare da kowa ya rasa darasi ba. To amma watan Hajji ba ya zama wuri ɗaya, kowace shekara yana matsowa gaba da 'yan kwanaki. A hankali ya fita daga zafi ya shigo tsakiyar karatu, hutu kuma ya tsaya inda yake. Gaskiya ana ba da hutun Babbar Salla, amma kai ma ka san mausim ba ranar Arfa yake farawa ba. Yana farawa ne ranar da jirgin farko ya yi kuka a bakin teku, ba ya ƙarewa sai alhajin ƙarshe ya ɗaure kayansa.

Da aka ce hukuma ta fito da sabuwar doka, ta ba majalisar kowace makaranta ikon ɗaukar wasu makonni na hutu ta ajiye su inda ya dace da mutanen unguwarta, mun yi murna. Matata Hajara har guɗa ta yi a tsakar gida. Tsohon maƙwabcina ne kaɗai ya ce, in gani a ƙasa, wai an ce da kare ana biki a gidansu. Na yi masa faɗa a ranar, na ce ai Sa'adu ne shugaba, namu ne, ya yi dakon akwatunan alhazai da kansa kafin Allah Ya ɗaga shi.

Majalisarka ta ɗauki makonnin nan ta manna su a jikin hutun bazara. Wa ke da bukatar doguwar bazara a Nuzla? Gidaje nawa ne ke kulle ƙofa su hau dutsen Ɗa'ifa shan iska in zafi ya yi zafi? Ka ƙirga su da yatsun hannunka, za ka ga duk masu kujera ne a majalisa, domin dokar ta ce sai mai tabi'iyya ke zama a kujerar. Mu masu iƙama an bar mana baki ne kawai a taron iyaye.

Na biyu, yadda aka yi taron iyayen.

Ba a makaranta ka kira shi ba, a gidanka ka kira shi. Muka zo muka tarar da darduma shimfiɗe, da farantan shinkafa da naman rago, da shayi da na'ana'a. Muka ci muka ƙoshi, ni har ƙari na yi, ba zan ɓoye ba. Sai da aka wanke hannu aka kawo turare sannan ka miƙe ka karanta shawarar majalisa, ka ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu. Sufeton da ya zo daga ofis yana zaune a gefenka yana kallonmu.

Alhaji, a Mai Wurno ta ƙasar Sudan aka haife ka kamar yadda aka haife ni. Yaushe ka taɓa ganin Bahaushe ya ci tuwon mutum, maiƙon bai bushe a hannunsa ba, ya ɗaga hannun nan ya ƙaryata shi a cikin gidansa, a gaban baƙonsa? Mu abin da muka gada shi ne a sunkuyar da kai a rufa wa mai gida asiri, in gari ya waye a tura masa dattijo ya same shi shi kaɗai ya gaya masa gaskiya. Haka muka yi. A bakin ƙofarka muka tsaya muka haɗa baki, washegari muka tura maka limaminmu, Malam Haruna, da sandarsa da ciwon gwiwarsa. Ya dawo ya ce mana ka karɓe shi da girmamawa, ka ba shi kujera, sannan ka ce, "Ya Malam, halas, magana ta ƙare, an riga an buga hatimi, sufeto ya tafi da takardar tun jiya. Me ya hana su magana?"

Sufeto baƙo ne, ya ga mutane sun yi shiru ya ɗauka sun yarda, ba ni da ta cewa a kansa. Kai kuwa ka san abin da shirunmu yake nufi. Ba zan rantse cewa don haka ka yanka ragon ba, Allah ne Ya san zuciya. Abin da na sani shi ne mun girmama ka irin ta gida, kai kuma ka ƙirga mu irin ta ofis.

Na uku, abin da ya sami ɗana.

Ni tukubata tana kusa da masaukin alhazai na bakin teku. Abin da na samu a mausim shi muke ci har shekara ta zagayo, sauran watanni lallaɓawa ne. Mai tsire ba ya barin wuta. Tijjani ne ke zuwa mayanka da asuba, shi ke soke nama, shi ke kai wa alhazai cikin masauki, in ma'aikatan baladiyya masu duba tsabta suka zo shi ke magana da su, don harshensa ya fi nawa lanƙwasa. Bara ya yi ƙoƙarin haɗa biyun. Yakan je aji idonsa ja da hayaƙi, ya yi gyangyaɗi a sha masa bulala, ya dawo tukuba. Da jirage suka yi yawa dole ya daina zuwa, kuma ba shi kaɗai ba, malaminsu da kansa ya gaya mini benci yake koya wa karatu a watan nan.

Da alhazai suka watse ya wanke rigarsa ya koma. Aka ce masa fashinsa ya wuce ƙa'ida, ba zai zauna jarrabawar shahada ta fita aji shida ba, sai ya maimaita aji. Yaron da malamin lissafi ke kira gaban allo ya gwada wa sauran. Ya maimaita, yana zaune yanzu da ƙannen abokansa, gwiwarsa ba ta shiga ƙarƙashin tebur. Dokar nan taku kuma ta ce ba a maimaita aji sau biyu. In ya sake fashin mausim bana, an sallame shi ke nan har abada.

Ga wurin da ƙyashin nawa ya fi ciwo. Ɗanka Adil da Tijjani wata ɗaya aka haife su. Da zazzaɓi ya kwantar da uwar Adil, Hajara ce ta shayar da shi tare da nata, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Nono ɗaya suka sha, rana ɗaya muka kai su makaranta, ni da kai, kana riƙe da hannun nawa ina riƙe da hannun naka. Yau Adil yana makarantar gaba. Kwanakin baya ya biyo ta tukuba da farar riga da littattafai a hammata, kumatunsa sun cika da iskar Ɗa'ifa. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, ba ni da abin zarginsa. Ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa ya ce, "Yalla ya Tijjani, ka yi sauri ka iso mu, na ajiye maka wuri kusa da ni." Tijjani ya yi murmushi, ya naɗe masa tsire, ya ƙi karɓar kuɗinsa. Da Adil ya tafi sai ya juya wa titi baya ya yi ta fifita wutar da ba ta bukatar fifita. Ni kuwa na bi farar rigar nan da kallo har ta sha kwana, ina jin wani abu a ƙirjina wanda na daɗe ina istigfari a kansa.

Na huɗu, shawarar da ka aiko mini.

An ce ka ce in ɗauki yaron aiki in bar Tijjani ya yi karatu. Na gode da shawara. Wane yaro? A mausim ko gurgu yana da aikin yi a Jidda, kowane gida yana bukatar hannun 'ya'yansa, kafilina kuma bai ba ni izinin ɗaukar kowa ba. An kuma ce ka ce in ƙyashi ke damuna in zo ka ɗauki nauyin yaron. Wannan ta fi yi mini zafi. Ban zo roƙo ba, Alhaji. Ko na karɓa, wa zai ɗauki nauyin ɗan mai wanki, da ɗan mai ruwa, da 'ya'yan 'yan dako da suka cika layinmu? Hukuma ta riga ta ba mu abinmu, makonni ne da ta ce a ajiye inda mutanen unguwa ke bukata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, namu kuma ba a bazara yake yoyo ba.

Saboda haka ga roƙona, a gaban jama'a.

A sake kiran taron iyaye kafin watan Shawwal ya fita. A yi shi a filin makaranta, a ƙasar da ba ta kowa ba, kada a dafa ko shayi. A sake tambayarmu, ka ga hannuwa nawa za su tashi.

A ɗauko makonnin nan daga bazara a mayar da su kan mausim, a riƙa matsar da su kowace shekara yadda Hajji ke matsawa. Masu zuwa Ɗa'ifa ba za su rasa dutsensu ba, sauran hutun bazara yana nan ya ishe su shan iska.

In kuwa an ce hatimi ba ya goguwa sai baɗi, to majalisa ta rubuta wa ofis da bakinta cewa kada a ƙirga fashin mausim na bana a kan yaran Nuzla. Ka iya Larabcin da za a saurara, na sha jin ka kana yi.

Ba na neman kantinka, ba na neman benenka, motar ma na haƙura da ita. Abin da nake ƙyashi yanzu guda ɗaya ne: ba a taɓa wayar gari ka tsaya a kan ɗanka yana barci kana tunanin wanne za ka hana shi, abinci ko karatu ba. Ni haka zan tsaya nan da 'yan makonni. Tijjani ya daina tambayata abin da za a yi. Jakarsa tana rataye a ƙusa ɗaya da tiren tsire, kullum da safe yakan ɗauki jakar ya bar tiren. Ranar da jirgin farko ya yi kuka zai farka ya dube ni, ni kuma ba ni da amsa sai wadda ka ba ni.

Allah Ya ƙara maka arziki, ko da zan ci gaba da jin zafinsa. Allah Ya raya Adil Ya kai shi inda kake fata, Ya sa wurin da ya ajiye wa ɗan'uwansa kada ya tsufa babu kowa. Allah Ya ba ka ikon yin adalci a kujerar da Ya ɗora ka, Ya sa mu gama lafiya kamar yadda muka sauka jirgi lafiya.

Wassalam.

Abokin tafiyarka,
Isiyaku mai tsire, Nuzla.