Kumburin Hannun Jikana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji da juya maganar ni kaɗai.

Ni dattijuwa ce a unguwar Barkin Sale. A zamanin soja, lokacin da maigidana ke aikin reluwe, na haifi ɗana na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba ko yana raye. Haka aka tarbiyyantar da mu, uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane. Ko awo ma, uwar mijina ce ke goya shi, ni ina biye a baya.

Yana wata bakwai yatsunsa suka fara kumbura, idonsa ya yi rawaya, ya yi ta kuka. Ranar awo, wata nas Banufiya ta riƙe hannunsa ta daɗe tana dubawa, ta ce ina uwar yaron, a kai shi babban asibiti gwajin jini. Uwar mijina ta ce haƙori ne, duk 'ya'yanta sun yi haka. Ina tsaye a wurin, kaina a ƙasa. Bai kai shekara uku ba Allah ya karɓi abinsa. Sai daga baya na ji ashe sunan ciwon sikila.

Yanzu autata ta haihu a unguwar Shango, yaro na wata shida. Makon jiya na je, na ga bayan hannunsa ya tasa, irin wancan kumburin sak. Na ce mata ta kai shi gwaji, yanzu a wurin awo ma ana turawa, kuma ana ba da magani tun da wuri. Ta ce mijinta ya hana, wai haƙori ne, kuma ba ya son a laƙaba wa ɗansa ciwo. Da na matsa sai ta yi kuka, ta ce kada in kashe mata aure.

Surukin nan mutumin kirki ne, tun da ya auri 'yata gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma daga bayan labule. In na tare shi, dangi za su ce tsohuwa ta zubar da girmanta.

Jama'a, in ɗaga labulen in yi masa magana da bakina, ko akwai wata hanya? Wancan karon na yi shiru, na kuma ga inda ya kai ni.