Wata Tsohuwa Daga Ƙauyenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Yau shekaruna sun zarce naki na ranar da kika rasu, amma akwai maganar da na kasa faɗa miki kina raye.

Kin tuna shekarun da arzikin man fetur ya shigo, ma'aikata suka cika gari da babura da rediyo? Lokacin ina diresa a asibiti a Birnin Kudu, aikina wanke rauni da ɗaure shi. Ina da farar riga, ina ji da kaina. Kullum sai na yi wa marasa lafiya bayani cewa ƙwayoyin cuta ne, waɗanda ido ba ya gani, suke shiga ta ɗan ƙaramin rauni, su ci nama, su tara mugunya. Har faɗa nake yi wa wanda ya makara zuwa.

A kakar wata shekara tsinin kara ya soke ki a tafin ƙafa, kina kala a gonar Baba a Kiyako. Kika aiko ƙanenki, Kawu Sule, ya ce mini ƙafa ta ƙi lafawa. Kiyako ba nisa, ga babur a ƙofar gida. Amma ranar mun shirya tafiya bikin wani abokin aiki a Gwaram. Na ba Kawu kafso a ƙunshin takarda, ko gaya masa haɗiya ake yi ban yi ba. Kika fasa su, kika barbaɗa garin a bakin mikin kamar yadda kika ga ana yi. Da bai yi ba, maƙwabta suka kawo nasu maganin: dakakken ganye, toka, har da kashin shanu.

Kwana tara ban leƙo ba.

A na goma Kawu ya kawo ki a bayan motar kaya. Aka shigo da ke ɗakin wankin miki, inda nake tare da Sista, shugabarmu. Jikinki zafi rau, kumburi ya kai gwiwa, fata ta yi sheƙi, kaluluwa ta fito. Ni na warware tsumman da hannuna. Wari ya cika ɗakin. Sista ta ja da baya, ta ce, "Wane jahili ne ya yi wannan aiki? Ka san ta ne?"

Inna, na ce, "Wata tsohuwa ce daga ƙauyenmu."

Ba ki ɗago kai ba. Kika gyara mayafinki kawai.

Tun da kika haife ni ba ki taɓa kiran sunana ba, saboda ni ne ɗan fari. Wannan kunya ce ta mutunci, kowa ya san ƙauna ce a ƙarƙashinta. Ni ma ranar kunya ce ta hana ni ambatonki, amma tawa ba ta da suna mai kyau.

Likita ya tsaga ƙafar, mugunya ta kusa cika kwano. Ya yanke naman da ya mutu, da yatsu biyu da suka riga suka yi baƙi. Ya ce da an ƙara kwana biyu, da cutar ta shiga jini. Aka sa ki a kan allurar fanisilin. Mako uku ni nake wanke mikin da ruwan gishiri kowace safiya, in cusa auduga, in ɗaure. Kina cije gefen mayafi, ba kya ko nishi. In na gama ki ce, "Sannu, Malam, Allah Ya saka," daidai yadda sauran marasa lafiya suke ce mini. Kin rufa mini asiri a gaban mutanen da na fifita a kanki.

Daga bakin Kawu Sista ta ji gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Da ranar farko ka je ka wanke, da sabulu da ruwa da 'yan allurai sun isa." Ni ma na sani. Ni nake koya wa mutane haka.

Kika ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya kina ɗingishi. Kala ta gagare ki, rijiya ma sai an ɗebo miki. Amma duk wanda ya tambaya a Kiyako sai ki ce, "Yaron nan ne ya wanke mini ƙafa da hannunsa har ta warke." Ina zaune a gefe ana sa mini albarka, ina cewa amin. Sau da yawa na durƙusa gabanki da niyyar neman gafara, sai in ɓuge da tambayar lafiyar awaki.

Inna, ki yafe mini. Ni ne na makara, ba ke ba.

Allah Ya sa ciwon nan ya zama kaffara gare ki. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya tashe ki da ƙafafunki cikakku, ki taka zuwa Aljanna Firdausi ba ɗingishi. Ni kuma Ya ba ni ikon haɗa ido da ke ranar. Amin.

Ɗanki na fari,
Habu